Ray Kroc: Mai Tallar Kofin Takarda da Ya Mallaki McDonald's

Cikinmu akwai waɗanda yanzu suke da manhajar duba kasuwar hannun jari a waya, musamman 'yan sashen Akanta da na Banki da Harkar Kuɗi. Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin farashin McDonald's, ya ja shi baya can zuwa shekarun 1960, zai ga hannun jari ɗaya bai ma kai dala guda ba, 'yan santi ne kawai. Ya dawo 2024 sai ya tarar ya taɓa dala 300. Nan take mutum zai fara cizon yatsa, yana cewa ina ma kakansa ya saya lokacin da ake rabar da shi kamar kyauta. To gaskiyar magana, babu wanda ya taɓa sayen sa a 'yan santin nan. Kafin a gane dalili, sai an san mutumin da ya kai kamfanin kasuwa, da waɗanda suka riƙe nasu kason, da waɗanda suka sayar suka tafi.

Shekara talatin yana yawon talla

An haifi Raymond Albert Kroc ranar 5 ga Oktoba, 1902, a Oak Park, kusa da birnin Shikago a jihar Ilinois ta Amurka. Iyayensa asalinsu 'yan ƙasar Cek ne. Bai gama sakandare ba. Yana ɗan shekara 15 ya ƙara wa kansa shekaru don ƙungiyar Red Cross ta ɗauke shi direban motar ɗaukar marasa lafiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma aka gama yaƙin yana wurin horo, bai je fagen fama ba.

Daga nan ya shiga buga-buga. Ya kaɗa fiyano a gidajen rawa da gidan rediyo, ya je Fulorida dillancin filaye a tsakiyar shekarun 1920, kasuwar ta rushe ya dawo hannu rabbana. Mahaifinsa ma ya tara dukiya a cinikin filaye, faɗuwar kasuwa ta 1929 ta cinye ta. Aikin da Ray ya fi daɗewa a kai shi ne tallar kofin takarda na kamfanin Lily-Tulip, sama da shekara goma sha biyar yana bin shaguna da gidajen abinci. Wannan yawo ya zame masa makaranta. Ya shiga kicin ɗin mutane ba adadi, ya ga mai tsafta ya ga ƙazami, ya ga wanda ke ɓarnar kaya da wanda ke lissafin ko wane cokali.

A ƙarshen shekarun 1930 ya bar kofi ya koma sayar da wani inji mai suna Multimixer, wanda ke kaɗa madara da askirim kofi biyar a lokaci guda. Ya ci kasuwa na ɗan lokaci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ciniki ya fara ja da baya. Zuwa 1954 ya haura hamsin, ga ciwon suga, ga ciwon gaɓoɓi. Sa'o'insa sun fara lissafin ritaya.

Shagon 'yan uwa biyu

A wannan shekarar ne ya lura da wani abu a littafin cinikinsa. Yawancin shaguna inji ɗaya ko biyu suke saya, amma wani ƙaramin shago a San Bernardino, jihar Kalifoniya, yana aiki da guda takwas. Kenan kofi arba'in a lokaci ɗaya. Ya tashi takanas ya je ya gani da idonsa.

Shagon na wa da ƙani ne, Maurice da Richard McDonald. Sun buɗe shi tun 1940, amma a 1948 suka rufe na 'yan watanni suka sake masa tsari gaba ɗaya. Suka sallami 'yan matan da ke kai wa mutane abinci cikin mota, suka daina amfani da faranti da cokali, suka rage jerin abinci zuwa kala tara, suka tsara kicin kamar masana'anta, kowane ma'aikaci da aikinsa guda ɗaya. Hambaga ɗaya santi 15, kusan rabin kuɗin da ake sayarwa a wasu wurare, kuma kafin ka mayar da canji aljihu an miƙo maka. A riƙe wannan da kyau: tsarin nan na 'yan uwan ne, Kroc ya zo ya tarar da shi yana aiki.

Abin da shi ya kawo shi ne kwaɗayin yaɗa shi. 'Yan uwan sun riga sun ba wasu mutane kaɗan hayar sunansu, amma suna samun abin da ya ishe su, ba su da sha'awar yawon ƙasa. Aka ƙulla yarjejeniya: Kroc zai riƙa nemo mutanen da za su buɗe shago da sunan McDonald's da tsarinsa. Kowane mai shago zai biya dala 950 kuɗin shiga, sannan kashi 1.9 cikin ɗari na cinikinsa. A cikin wannan, 0.5 na 'yan uwan ne, 1.4 na Kroc. Ranar 15 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 52, ya buɗe nasa shagon na farko a Des Plaines, kusa da Shikago. Cinikin ranar farko dala 366 da santi 12.

Ciniki na ta ƙaruwa, aljihu wayam

Shaguna suka yi ta yawa, zuwa 1959 sun kai ɗari. Kroc mutum ne mai tsanani a kan tsafta da daidaito. An san shi da tsintar shara a harabar shago da hannunsa, kuma nauyin nama da yadda ake soya dankali duk a rubuce suke, ba mai canzawa. Amma ku yi lissafin da kanku. Shagon da ya yi cinikin dala 200,000 a shekara, kason Kroc dala 2,800 ne kacal, kuma daga ciki zai biya ma'aikatan ofis da masu zagayen duba shaguna. Masu shaguna suna ta arziki, uwar kamfani tana fama da bashi. Shekarun farko ko albashi bai ɗauka daga McDonald's ba, da kuɗin injin kaɗa madara yake cefane.

Da ya kasa biyan manyan ma'aikatansa abin da ya kamata, sai ya biya su da abin da yake da shi, wato takardar mallaka. Sakatariyarsa June Martino, wadda ta daɗe tana riƙe masa littafi, ya ba ta kashi 10 cikin ɗari na kamfanin. Harry Sonneborn, masanin harkar kuɗi da ya zo masa a 1955, ya samu kashi 20. A lokacin takardun nan ba za su sayi ko buhun shinkafa a kasuwa ba, don babu inda ake cinikinsu.

Sonneborn ɗin nan shi ya gano inda kuɗin yake. A 1956 aka kafa wani reshe mai suna Franchise Realty Corporation. Dabarar ita ce kamfani ya riga mai shago zuwa wurin mai fili, ya karɓi hayar filin na dogon lokaci, daga baya ma ya riƙa saye, sannan ya ba mai shago haya da riba a sama. Idan ciniki ya haura wani mataki, kuɗin haya ya koma kaso na cinikin. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kuɗi na shigowa kowane wata, kuma mai shagon da ya ƙi bin ƙa'ida ya san a filin wa yake zaune. Bankuna da ba sa ko sauraron mai sayar da hambaga sai suka fara sauraron mai filaye. Har yau kuɗin haya na daga cikin manyan hanyoyin samun kamfanin, don haka wanda ya sayi hannun jarin McDonald's ya sayi kaso a filaye da gine-gine da ke bakin manyan tituna, ba a nama da burodi kaɗai ba.

Cinikin 1961

Dangantaka tsakanin Kroc da 'yan uwan ta yi tsami. Yarjejeniya ta ce ba zai canza komai a tsarin shago ba sai da izininsu a rubuce, su kuma ba sa gaggawar rubutawa. A 1961 ya nemi su faɗi farashi. Suka ce dala miliyan 2.7, kuɗi hannu, yadda kowannensu zai tashi da miliyan ɗaya bayan haraji. Kroc ba shi da su. Aka ciwo bashi daga wasu masu zuba jari, har da asusun Jami'ar Princeton, bashin da kafin a gama biyansa ya laƙume kusan dala miliyan 14.

Miliyan ɗaya a 1961 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma 'yan uwan sun manyanta, suna son hutu. Ba wauta suka yi ba. Amma ga abin da suka bari a kan tebur: a 1972 cinikin shagunan McDonald's ya haura dala biliyan ɗaya. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ya kama dala miliyan 5 a shekara guda, kusan ninki biyu na duk abin da aka biya su.

Nan kuma halin Kroc ya fito fili. 'Yan uwan sun ƙi haɗawa da shagonsu na asali a cinikin, abin ya ƙona masa rai. Tunda sun sayar da sunan, dole suka sauke allonsu suka koma kiran shagon Big M. Shi kuwa ya je ya buɗe sabon McDonald's kusa da su, har shagon ya mutu bayan 'yan shekaru. Ya kuma daɗe yana gabatar da kansa a matsayin wanda ya kafa kamfanin, ana kirga tarihi daga Des Plaines kamar San Bernardino ba ta taɓa wanzuwa ba. Maurice ya rasu a 1971, Richard a 1998.

Ranar da aka shiga kasuwa

A Afrilun 1965, shaguna sun kai wajen 700, aka fara sayar wa jama'a hannun jarin McDonald's a kan dala 22 da santi 50 kowane ɗaya. Kafin a tashi kasuwa ranar farko ya kai dala 30. Kroc da Sonneborn da Martino suka wayi gari da miliyoyi. Matar da aka biya da takarda saboda babu kuɗin albashi ta zama attajira.

Yanzu mu koma kan 'yan santin nan. Idan farashin hannun jari ya yi tsada, kamfani kan tsaga shi: mai ɗaya ya koma mai biyu, farashin kowane ya ragu da rabi. Kamar a canza maka naira dubu zuwa ɗari biyar-biyar ne, takardu sun ƙaru, kuɗinka na nan yadda yake. Iyayenmu da suka sayi hannun jarin bankuna a nan gida sun san ɗan uwan wannan, shi ne abin da suke kira bonas. McDonald's ya yi irin wannan tsagawa sau 12, na farko a 1966, na ƙarshe a Maris 1999. Shida daga ciki ɗaya ya zama biyu, shida kuma biyu suka zama uku, ga wani ƙarin kashi 2 cikin ɗari da aka yi a 1967. Idan ka ninka su duka, hannun jari ɗaya na 1965 ya zama kusan 744.

Masu zana jadawali suna so layin ya tafi daidai, kada ranar tsagawa ta yi kama da ranar faɗuwa. Sai su koma baya su raba tsofaffin farashin da adadin tsagawar da ta biyo baya. Raba dala 22.50 gida 744, za ka samu kusan santi 3. Wannan shi ake kira farashin da aka daidaita. Wanda ya saya a 1965 dala 22.50 ya zaro daga aljihu. Mai guda 100 ya biya dala 2,250, kuma idan shi ko magadansa ba su taɓa sayarwa ba, yau suna da 74,360. A farashin dala 300, wannan ya haura dala miliyan 22.

Akwai abu biyu da layin farashi ba ya nunawa. Na farko rabon riba. Kamfanin ya fara biyan masu hannun jari kuɗi a 1976, kuma tun daga lokacin kowace shekara sai ya ƙara. Shi ya sa a wasu shafukan za ka ga layi biyu na farashin rufe kasuwa, ɗaya an daidaita shi da tsagawa kaɗai, ɗayan har da rabon riba, kuma na biyun ya fi ƙanƙanta a shekarun baya. Ɗalibin da ya haɗa su a furojet ɗinsa ba tare da ya duba ba, lissafinsa ya tashi aiki. Na biyu tsadar rayuwa. Dalar 1965 tana sayen abin da sai ka haɗa wajen dala goma a yau. Saboda haka dala 2,250 ɗin nan kuɗin sabuwar ƙaramar mota ce a wancan zamani, ba canjin aljihu ba.

Hawa da gangara

Daga nesa layin kamar hawa ne kawai, amma matso kusa ka ga ramuka. A farkon shekarun 1970 McDonald's na cikin manyan kamfanoni hamsin da 'yan kasuwar Amurka suka ɗauka ba sa faɗuwa, ana kiran su Nifty Fifty. A 1972 mutane suna biyan sama da ninki 70 na ribar shekara don su samu hannun jari ɗaya. Da kasuwa ta rushe a 1973 da 1974, lokacin rikicin man fetur, farashin ya zube da fiye da rabi. Abin lura, a waɗannan shekarun ribar kamfanin ƙaruwa take yi, ana ta buɗe sababbin shaguna. Kamfanin lafiyarsa lau, farashin da aka saye shi ne ya yi yawa. Wanda ya shiga a ƙololuwar 1972 ya yi shekaru yana jiran kuɗinsa su dawo. An sake ganin irin haka bayan mutuwar Kroc: kamfanin ya bayyana asararsa ta farko ta wata uku a ƙarshen 2002, farashi ya sauko wajen dala 12 a Maris 2003, daga sama da 40 a 1999.

Sannan kada a manta, muna kallon jadawalin McDonald's ne saboda ya rayu. A ƙarshen shekarun 1960 an yi rububin hannun jarin gidajen abinci a Amurka. Kamfanin soyayyar kaza na Minnie Pearl ya shiga kasuwa a 1968, farashinsa ya yi sama kamar roka, cikin 'yan shekaru ya ruguje da kuɗin mutane. Burger Chef, wanda ya taɓa samun shaguna sama da dubu yana bin McDonald's a guje, an sayar da shi a 1982, sunan ya ɓace. Mutumin 1965 bai san wanne ne zai kai labari ba. Mu da muke kallo daga baya ne abin ya zame mana da sauƙi.

Ko na cikin gida ma bai sani ba. Sonneborn, wanda ya ƙirƙiro dabarar filaye kuma ya zama shugaban kamfanin, ya saɓa da Kroc a kan saurin buɗe sababbin shaguna. Shi yana ganin a taka burki, Kroc yana ganin a ƙara wuta. A 1967 ya ajiye aiki, ya sayar da kasonsa. Mutumin da ya fi kowa sanin littafin kuɗin kamfanin ya fita ana saura tsagawa goma sha ɗaya.

Ƙarshen tafiya

Kroc ya miƙa ragamar yau da kullum ga Fred Turner, wanda ya fara da gasa nama a kicin a 1956. A zamaninsu aka tsallaka Kanada a 1967, aka fito da Big Mac a duk faɗin Amurka a 1968, aka shiga Japan a 1971. Yawancin sababbin abincin da suka karɓu masu shaguna ne suka ƙirƙiro. Nasa na kansa, wani burodi da yankan abarba a madadin nama, ko kaɗan bai samu kasuwa ba. Bai kuma rabu da surutu ba. A 1972 ya ba yaƙin neman zaɓen Shugaba Nixon gudummawar kusan dala 250,000, a daidai lokacin da ake muhawara kan dokar da za ta bari a biya matasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, su ne kuwa yawancin ma'aikatan shagunansa. Ya musanta cewa akwai alaƙa, amma zargin ya bi shi. A 1974 ya sayi ƙungiyar wasan besbol ta San Diego Padres, ya koma can da zama.

Ya rasu ranar 14 ga Janairu, 1984, a San Diego, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 81. Ya bar shaguna wajen 7,500 da dukiya ta kusan rabin biliyan na dala, mafi yawanta hannun jarin da ya ƙi rabuwa da shi. Shekara ɗaya bayan haka aka sa McDonald's cikin kamfanoni talatin na ma'aunin Dow Jones. Matarsa ta uku, Joan, ita ta gaji dukiyar, kuma hannun jarin ya ci gaba da haihuwa a hannunta. Da ta rasu a 2003 ta bar wa ƙungiyar agaji ta Salvation Army kaɗai dala biliyan 1.5, kusan ninki uku na duk abin da mijinta ya mutu ya bari.

Mutum biyar ne suka taɓa riƙe babban rabo a wannan harka tun tana ƙarama. Maurice da Richard sun karɓi kuɗi hannu a 1961, Sonneborn ya sayar bayan 1967, Martino da Kroc suka ci moriyar takardar da aka raina. Kowannensu yana da hujjarsa a ranar da ya yanke shawara, kuma babu wanda jadawali ya nuna wa gobe. Don haka 'yan uwa, in malami ya ba ku aikin nazarin tsohon farashin wani kamfani, ko wani ya turo muku hoton layi mai hawa yana cewa ku kawo kuɗin makarantarku a juya, ku fara da tambaya huɗu: an daidaita farashin nan da tsagawa, an sa rabon riba a ciki, nawa kuɗin wancan lokaci yake a yau, kuma daga ina ainihin ribar kamfanin take fitowa? In mai hoton ya kasa amsa ta huɗun, ku riƙe kuɗinku ku je ku biya rajista.